Zuwa ga Edita: A ina ake gane halin jarumar littafi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafin adabi in yi magana da marubutanmu, musamman matasan da ke sakin littattafansu kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, a kan wani aibi da ya zama ruwan dare. Kana buɗe littafi, tun a shafin farko za a jero maka jarumar: fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Sai a ɗora da cewa mai haƙuri ce, mai tarbiyya, ga addini ga biyayya. Shi ke nan, marubuciya ta sauke nauyi. Ka bi sauran shafukan har ƙarshe, babu inda haƙurin nan ya ci mata wani abu, babu inda tarbiyyar ta hana ta abin da ranta yake so. Alhali gani ya kori ji. Mai karatu ba ya karɓar shaidar marubuciya a kan jarumarta, kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaidar uwa ga 'yarta.

Halin mutum yana fitowa ne a wurin da haƙƙi biyu suka yi karo, ba shi da ikon biyan duka, tilas ya saki ɗaya. A rayuwar mace kuwa babu inda haƙƙoƙi ke cin karo kamar cikin dangi da gidan aure: na uba da na miji, na 'ya'ya da na kanta, na uwar miji, na kishiya, na aminiyar ƙuruciya. Wanda ta saki da wanda ta riƙe, da abin da riƙon ya ci mata, nan ne za a karanta abin da ta ɗauka da daraja. Zan kafa hujja da littattafai biyu da mata suka rubuta, ɗaya daga Dakar ɗaya daga Kano, domin duka biyun sun ɗauki matsala iri ɗaya: uwargida mai tarin 'ya'ya da miji ya juya wa baya saboda amarya.

Na farko shi ne Une si longue lettre na marigayiya Mariama Bâ ta Senegal, wanda ya fito a 1979 ya kuma ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1980. Ɗaliban Najeriya sun fi saninsa da So Long a Letter, mutanen Nijar kuwa da Faransancinsa suke karanta shi. Ɗan siriri ne, fassarar Ingilishin ba ta kai shafi 100 ba. Dukan littafin wasiƙa ce guda da Ramatulaye, malamar makaranta mai 'ya'ya 12, take rubuta wa aminiyarta Aisatu a cikin takabar mijinta Modu Fal. Tun daga nan akwai darasi. Takaba wata 4 ce da kwana 10, mace tana zaune wuri ɗaya, kowa yana zuwa ya same ta. Marubuciyar ba ta bukatar yawo da jarumarta. Dangin miji, maneman aure, 'ya'ya da maƙwabta su ne suke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin jarrabawar da ya kawo.

Dubi zaman makoki. Ramatulaye ta yi shekara 30 da Modu, amaryarta Binetu ta yi 5. Wannan ta haifi 12, waccan ta haifi 3. Amma 'yan'uwan miji mata suka ɗora su a ma'auni ɗaya, yabo ɗaya, girmamawa ɗaya. Kuɗin gaisuwar da aka tara kuma dangin miji suka kwashe suka tafi, suka bar waɗanda aka mutu aka bari hannu wofi. Ramatulaye ba ta ɗaga murya a wurin ba, ta yi duk abin da al'ada ta nema. Amma lissafin nan na 30 da 5, na 12 da 3, ita ce take yin sa a zuci tana rubuta wa aminiyarta. Da wannan kaɗai mun san mace ce mai kiyaye mutuncin taro, kuma mace ce da ba ta manta rashin adalci. Ba a rubuta kalmar "mai kawaici" ko sau ɗaya ba, mu muka gano.

Yadda aka yi mata kishiya ya fi wannan ciwo. Binetu ƙawar 'yarta Daba ce, a gidan take zuwa bitar karatu. Modu ya fita da safe ya ce kada a jira shi abincin rana. Da yamma sai ga liman da Tamsir yayan Modu da amininsa Mawdo sun shigo su sanar da ita cewa an ɗaura. A lokacin shekararsu 25 da aure. Ta karɓe su da fara'a, ta yi godiya, ta raka su bakin ƙofa. To, ga inda ƙwarewar take: marubuciyar ta buɗe mata ƙofar fita sosai kafin ta sa ta zauna. Tana da albashinta. Daba da kanta ta ce mata ta rabu da shi. Ga kuma misali a gabanta, domin Aisatu, 'yar maƙerin zinariya, matar Mawdo, da uwar mijinta ta sa shi ya ƙara aure da 'yar dangi, ajiye masa takarda ta yi ta kwashe 'ya'yanta maza 4 ta tafi, ta yi karatu a Faransa, ta sami aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Ke nan fita mai yiwuwa ce, har tana da riba. Amma Ramatulaye ta zaɓi zama, ta shirya raba kwana kamar yadda addini ya tsara. Modu ne bai sake taka gidan ba. Haƙurin da ake yi ƙofa a buɗe shi ne haƙuri. Wanda ake yi don babu wurin zuwa tilas ne, kuma tilas ba ta gaya mana komai game da mai yin ta, sai dai game da wanda ya ɗora ta.

Ban ce zaɓinta ya fi na Aisatu ba, littafin ma bai ce ba. An ajiye mata biyu gefe da gefe, masifa ɗaya, amsa biyu, kuma babu wadda ta zargi 'yar'uwarta. Da Aisatu ta ji aminiyarta tana fama da motar haya ita da yara, mota ta saya mata, Fiat 125, ita kuma ta koyi tuƙi.

Sai batun kuɗi, wanda marubutanmu ke tsallakewa kamar ƙazanta. A zaman lissafin gado aka gano Modu bai bar ko sisi ba sai bashi. Gidan da suka mallaka da gumin su biyu ya jinginar a banki ya karɓo bashi, ya sayi wani gida ya zuba amarya da uwarta, ya biya wa surukar Makka, ya yanka wa Binetu albashi na wata-wata don ta bar makaranta. A shekaru biyar ɗin nan Ramatulaye ce ke bin layin biyan kuɗin wuta da na ruwa, ita ke neman mai gyaran ƙofa da makulli. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne ke ba wa maganar "ta riƙe gidanta" nauyi. Kuma duk da haka, in ta zo kan Binetu, tausayi take nunawa, tana ganinta yarinya da kwaɗayin uwa ya yanka. A kan uwar Binetu kuwa ba ta da sassauci, har akan ji ɗan ƙamshin raini irin na 'yar boko ga wadda ta fito daga talauci. Wannan tabo ne a halinta, kuma da gangan aka bar shi. Jarumar da ba ta da tabo ko ɗaya hoton bango ce.

Wurin da na fi so marubuta su tsaya su yi nazari shi ne maneman aure biyu da suka fito mata. Bayan sadakar arba'in, Tamsir, mai mata 3 da bai iya ciyarwa, ya zo da liman da Mawdo ya sanar cewa in ta fita takaba zai aure ta. Mutanen nan uku su ne dai suka kawo mata labarin kishiya. A wancan karon murmushi ta yi. A wannan karon ta buɗe baki ta wanke shi tas, ta ce ita ba kaya ba ce da za a riƙa miƙawa daga hannu zuwa hannu. Ɗaki ɗaya, baƙi ɗaya, amsa ta bambanta. Haka ake nuna mutum ya sauya, ba da cewa "daga ranar ta zama jaruma" ba.

Ƙin Tamsir abu ne mai sauƙi, kowace mace za ta ƙi shi. Shi ya sa aka kawo Dauda Diyen. Likita ne, ɗan majalisar ƙasa, mutumin kirki mai wadata, tsohon masoyinta ne da mahaifiyarta ta fi so tun farko (tsohuwar ba ta taɓa yarda da Modu ba, har wushiryarsa sai da ta zarga). Yana sonta har yanzu, zai ɗauki nauyin yara 12. Babu wani aibi a wurinsa sai biyu: tana girmama shi amma ba ta sonsa, kuma yana da mata da 'ya'ya. Ta rubuta masa takarda ta ba Farmata, maroƙiya maƙwabciyarta, ta kai. Hujjarta ita ce girmamawa kaɗai ba ta riƙe aure, kuma ita da ta ɗanɗani abin da aka yi mata ba za ta shiga tsakanin wani da iyalinsa ba. Ta nemi su tsaya a abota, ya ƙi, bai sake dawowa ba. Farmata ta yi ta faɗa, gari ya ɗauka ana cewa ta haukace. A nan ta yi asarar tsaro, da suna, da aboki, duk a rana ɗaya. Daga nan ba mai sake tambaya ko da gaske take a kan abin da ta yarda da shi.

Jarrabawa ta ƙarshe daga cikin ɗakinta ta fito. 'Yarta, takwarar Aisatu, ɗaliba, ta yi ciki da wani ɗalibin jami'a, Ibrahima Sal. Farmata ce ta gano, tana jiran ta ga duka da kora. Ramatulaye mace ce mai sallah da carbi, abin ya girgiza ta, fushi ya taso mata. Sai ta tuna yarinyar nan ita ce mai taya ta rainon ƙanne tun da uban ya tafi, ta jawo ta ta rungume. Ta karɓi yaron ta saurare shi, aka tsara yadda karatun yarinya ba zai lalace ba. Mai karatu yana iya cewa ta yi sakaci, wani ya ce ta yi daidai. Abin da ba a musu a kai shi ne an auna surutun duniya da 'yarta, mun ga wanda ya yi rinjaye.

Na biyu namu ne: Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Rabi ba malamar makaranta ba ce, ba ta da albashi, ba ta da aminiya a Amurka. Matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, 'ya'yanta 9. Kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa, ita ke cikawa da 'yan dabarunta, shi kuwa yana kashe nasa a waje. Ya auro Delu, macen bariki, rikici ya tashi, aka kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar dafa abincin sayarwa, da ita ta ciyar da su ta riƙe karatunsu. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Abdu gobara ta cinye dukiyarsa a kasuwa, Delu ta kama gabanta, ya dawo yana neman sulhu.

A wurin Rabi, tukunya ce ma'auni. Kafin saki tana ciyar da gidan da ba a ba ta abin ciyarwa. Bayan saki tana ciyar da shi babu mai gidan gaba ɗaya. Marubuciyar ba ta bukatar ta ce Rabi ta fifita 'ya'yanta a kan komai, domin duk inda aka juya a littafin hannunta yana kan murhu saboda su. Sannan an bar tarbiyyar Saudatu ta zama shaida a kan uwarta, wato ana karanta halin uwa a jikin 'ya. Wannan dabara ce mai arha da marubutanmu ba su cika amfani da ita ba: in kana so a san jaruma, nuna abin da waɗanda suka tashi a hannunta suke yi in ba ta wurin.

Ƙarshen littafin ne ake jayayya a kai. Rabi ba ta so komawa ba, ta nuna ƙin ta a fili. Mazan da ke kewaye da ita, 'yan'uwanta da surukinta, su suka matsa har ta karɓe shi, ya dawo hannu rabbana, ita ce mai ciyarwa. Masu karatu da yawa sun ji haushi, suna ganin an zalunce ta sau biyu. Ni ma ina ganin an zalunce ta, amma ban ga laifin marubuciyar ba. A fahimtata ba ta kawo komen a matsayin lada ba; ta nuna ƙarfin da ya tura Rabi, ta kuma bar ƙin nata a rubuce. Uwar da 'yarta ke aure a gidan mutum, mutumin kuma ya sa baki, ta san abin da musu zai iya jawo wa auren 'yar. Ramatulaye ta iya ce wa Tamsir a'a don albashinta da gidanta suna bayanta, kuma mijin ya riga ya mutu. Rabi tana da sana'a, amma uban 'ya'yanta yana raye, dangi suna tsaye a kanta. Duk wanda ya auna matan nan biyu bai sa wannan a lissafi ba, ya yi wa Rabi rashin adalci. Wannan ma darasi ne: kafin a yanke wa jaruma hukunci, sai an san faɗin filin da aka ba ta.

To, marubuciyar da ke son ta yi irin wannan aiki, daga ina za ta fara? Kafin babi na farko, ta ɗauki takarda ta zana dangin jarumar. Uwa tana gidan ko an sake ta? Ita ta nawa ce a ɗakinsu, 'yan uba nawa ne? A hannun wa ta tashi, uwa, kaka, ko goggo ce ta riƙe ta? Wa ya biya kuɗin makarantarta, wa ya yi mata kayan ɗaki da gara? Duk wanda ya yi mata ɗawainiya yana bin ta bashin da ba a rubuta ba, kuma ranar da zai nemi a biya shi ita ce ranar da labari zai yi zafi. Yarinyar da kawunta ya riƙe tun tana shekara 5, ya zo ya ce ya ba ɗansa ita, matsalarta daban da ta wadda ubanta ya karɓi kuɗin wani Alhaji. Ta farko godiya ce ke yaƙi da so, ta biyu tsoro ne. Mutane 5 ko 6 masu haƙƙi a kanta sun isa littafi guda. In sun kai 20, kamar yadda ake gani a littattafan da ake ja don kada masu biyan kuɗin karatu su watse, kowa sai ya zama suna kawai.

Daga nan ta tsara manyan mararraba 3 ko 4, kowace ta fi ta baya tsada, kuma a kowace a tabbata ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu. In uwar miji mayya ce tsantsa, ƙin bin ta ba ya nuna komai. Amma a ce tsohuwa ce mai ciwo da ba ta da mai jinya sai matar ɗanta, ga bakinta da ɗaci, ga jarumar ta sami gurbin karatu a wani gari: nan ne za a ga mutum. Sannan a bar sakamakon ya tsaya. Babban abin da ke kashe littattafanmu shi ne a sa jaruma ta sadaukar a babi na 10, a babi na 12 a mayar mata da ninki goma ta hannun wani saurayi mai jirgin sama. In kowane haƙuri yana da attajiri a ƙarshensa, to ba haƙuri ba ne, adashi ne, ana zubi ana jiran ɗauka.

Ta kuma san tattalin gidan. Nawa ake bayarwa cefane, mutum nawa ke ci, mudu nawa ake aunawa a rana, wa ke sayen sabulu da maganin yara, me take sayarwa in ta matsu, ɗan kunne ko akuya ko tukwanen gara? Macen da ta sayar da zinaren gadonta don kuɗin jarrabawar ƙanen miji, da wadda ta ɓoye shi ta ce babu, an gama bayaninsu ba tare da sifa ko ɗaya ba.

Sai fiƙihu, inda kurakurai suka fi yawa, kuma masu karatu suna lura. Idda tsarki 3 ce, mai ciki kuwa sai ta haihu. Wadda aka yi wa saki na kome, a ɗakinta shari'a ta ce ta yi idda, ciyarwarta tana kan miji, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita. In ya mayar da ita cikin idda ba a sake ɗaurin aure. In idda ta cika sai da yardarta da sabon sadaki. Bayan saki 3 babu kome sai ta auri wani aure na gaskiya. A mazhabar Malikiyya riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma a kan uba. In uwar ta yi wani aure, riƙon yakan koma ga kakarsu ta wajen uwa. Matar mamaci tumunin takaba take samu in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kuma in su huɗu ne wannan kason ɗaya za su raba. Amarya budurwa kwana 7 ne nata, bazawara 3, sannan a koma rabon girki. Kowa ya san abin da ake yi a gari ya sha bamban da wannan: ana miƙa takarda a ce ta tattara ta tafi a daren, ana ƙwace yaro da an yaye shi. Marubuciyar da ta san hukuncin ta kuma san al'adar, ta sami wurin gwada jarumarta a tsakaninsu. Shin ta san haƙƙinta? In ta sani, za ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali, ko za ta bari don kada a ce ta tona asirin gida? Za ta nemi hul'i ta mayar da sadaki, ko za ta zauna? Wadda ba ta san hukuncin ba kuwa sai ta rubuta jarumar da aka ce ta sauke Alƙur'ani ta yi Islamiyya, amma an kore ta da saki ɗaya cikin dare ko a zuci ba ta san an taka doka ba.

Harshe ma yana aiki, kuma nan Hausa ta ba mu kayan da wasu harsuna ba su da su. Mace ba ta kiran sunan miji, ba ta kiran na ɗan fari, tana sauya sunan duk yaron da ya ci sunan surukinta. Ranar da jarumar da ta shekara 15 tana cewa "Malam" ko "Baban Ummi" ta kira shi da sunansa na yanka, mai karatu Bahaushe ya san an kai bango, ba sai an ƙara masa bayani ba. Haka yaji da biko: sau nawa ta yi yaji, gidan wa ta nufa, wa aka aiko biko, me ta faɗa wa iyayenta me ta ɓoye? Wadda ta je gida ta ce "ba komai, gaishe ku na zo yi" alhali idonta ya kumbura, da wadda ta zazzage komai a gaban ƙannenta, mata biyu ne mabambanta. Kayan faɗar kishiya, ta karɓa ko ta mayar? Ranar girkinta ta faɗo amarya na naƙuda, me ta yi? Ɗan kishiya ya yi ɓarna uban yana neman wanda ya yi, ta faɗa ko ta rufa? Irin waɗannan ba sa cin fiye da rabin shafi, amma sun fi wa'azin shafi biyar da ake sa wa jaruma a baki.

Wa'azin nan shi ne aibi na ƙarshe da zan ambata. Sau da yawa marubuciya tana tsoron kada a zarge ta da ɓata tarbiyya, sai ta tsayar da labari ta ba jarumar lasifika, ta yi ta jawo nassi a kan biyayyar aure ko ilimin mata. Mai karatu ya san muryar wa yake ji, sai ya tsallake ya nemi inda labari ya ci gaba. Ramatulaye ma tana dogon tunani a kan aure da siyasa da makomar mata, amma wasiƙa take rubutawa ga aminiyar da ta san komai nata, kuma kowane ra'ayi da ta faɗa an riga an ga inda ta biya kuɗinsa. Mai gyaran littafi zai iya yin gwaji mai sauƙi kafin a saki rubutu: ya bi shi da jan biro ya soke duk inda aka ce jarumar "mai kaza ce", da duk jawabin da ya wuce layi 10, sannan ya ba wani ya karanta ya tambaye shi wace irin mace ce wannan, da wa ta fi ƙauna a gidansu, da abin da ba za ta taɓa yi ba ko da za a sake ta. In ya amsa ukun, a kai wa masu karatu. In ya tsaya yana cewa kyakkyawa ce dai, a mayar wa marubuciya da takardar zanen dangi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai nazarin ƙagaggun labarai, daga Zariya.